Daga Gakem Zuwa Uli: Inda Yaƙin Basasar Najeriya Ya Riƙa Juyawa

Ranar 4 ga Oktoba 1967 sojojin tarayya suka shiga Inugu, babban birnin Biyafara, wato yankin Gabas da ya ɓalle daga Najeriya, yaƙi bai cika wata uku ba. A lissafin da aka saba, idan aka ci gidan sarki an ci gari, saura kawai a kaɗa ganga a koma gida. Mutane da yawa a Legas da Kaduna haka suka ɗauka. Amma sai da aka ƙara wata 27 ana zubar da jini kafin Manjo Janar Philip Effiong na Biyafara ya miƙa wuya a Barikin Dodan, fadar gwamnatin soja a Legas. Wanda ke son gane wannan yaƙi, sai ya fara tambayar kansa abin da ya sa faɗuwar Inugu ba ta kashe wutar ba, da kuma waɗanne wurare ne suka kashe ta. Amsar, a ganina, tana bakin teku, da kan wata gada, da wani ɗan tsirin titi a cikin daji.

Tushen rigimar sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya ci ran Sardauna Ahmadu Bello da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da Okotie-Eboh, tare da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Janar Ironsi ya hau, ya kafa Doka ta 34 wadda ta rushe tsarin tarayya, aka yi masa juyin mulki ranar 29 ga Yuli, Yakubu Gowon ya karɓa. A tsakanin Mayu da Oktoba na wannan shekara an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gabas da abin da hannu zai iya ɗauka. Shugabannin sojan ɓangarorin suka zauna sulhu a Aburi ta ƙasar Ghana ranakun 4 da 5 ga Janairu 1967, kowa ya dawo da tasa fassarar abin da aka amince.

Abin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne ranar 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin gwamnan soja na Gabas, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu, ya ayyana Biyafara. A ranar Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, ya yanka Jihar Gabas gida uku: Gabas ta Tsakiya ga Ibo, Ribas da Kudu Maso Gabas ga ƙananan ƙabilu irin su Ijaw da Ogoni da Efik da Ibibio. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba, amma wannan shi ne bugu na farko mai zafi a yaƙin. Man fetur da tashoshin jiragen ruwa galibi suna yankin waɗannan ƙabilu ne, kuma yanzu an ba su dalilin da za su fi son Najeriya a kan Biyafara. Daga baya, lokacin da sojojin tarayya suka shiga fadamu da ƙoramun da ba su san kansu ba, irinsu Isaac Adaka Boro ne suka shige gaba suna nuna hanya.

An soma harbi ranar 6 ga Yuli 1967 a Gakem, kusa da Ogoja. Gwamnati ta kira abin aikin 'yan sanda, wato dai a je a kamo wasu 'yan tawaye a dawo. Shi kuma Ojukwu ya bugi ƙirji cewa babu wani ƙarfi a Afirka baƙar fata da zai iya murƙushe Biyafara. Duka biyun sun raina juna. Dakarun Kanar Muhammadu Shuwa, waɗanda suka zama Runduna ta Ɗaya, suka gangaro daga arewa a hankali, suka ci Ogoja da Nsukka cikin Yuli. A wajen Nsukka ne aka kashe Chukwuma Kaduna Nzeogwu a ƙarshen watan, yana faɗa a ɓangaren Biyafara, kuma abin mamaki, aka ɗauko gawarsa aka binne a Kaduna da karramawar soja.

Yayin da idon kowa ke kan Nsukka, wani abu ya faru a kudu wanda bai yi amo sosai ba. A ƙarshen Yuli, Laftanar Kanar Benjamin Adekunle ya sauke sojoji daga jiragen ruwa a tsibirin Bonny, inda kamfanin Shell-BP ke loda ɗanyen mai. Bonny ita ce bakin mashigin da jirgi zai bi ya isa Fatakwal. Wanda ya riƙe ta ya riƙe wuyan tulun. Tun daga nan kamfanonin mai da gwamnatin Birtaniya suka gane wa za su bi, domin kuɗin mai ba zai shiga aljihun wanda ba ya iya fitar da shi ba. Ojukwu ya yi ta ƙoƙarin a biya shi kuɗin hakar mai, bai samu ba.

Sai kuma babbar cacar da Biyafara ta yi. Da asubar 9 ga Agusta 1967, ayarin motoci ɗauke da sojoji ya tsallaka gadar Kwara daga Anacha zuwa Asaba ƙarƙashin Victor Banjo, Bayerabe, wanda aka tsare bayan juyin mulkin Janairu kuma Ojukwu ya sake shi. Kafin rana ta faɗi sun riƙe Binin da kusan dukkan Jihar Yamma ta Tsakiya, kusan ba tare da faɗa ba, domin yawancin hafsoshin da ke tsaron jihar 'yan ƙabilar Ibo ne na yammacin kogi. Gwamna David Ejoor ya sulale. Hanyar Ibadan da Legas a buɗe take, kuma babu wata runduna ta kirki da ke tare ta.

Nan Banjo ya tsaya. Ya shafe kwanaki a Binin ana ja-in-ja tsakaninsa da Inugu kan wanda zai mulki yankin da abin da za a faɗa a rediyo. Kafin ya isa Ore, kimanin kilomita 200 daga Legas, wajen 20 ga watan, an riga an tattaro duk wanda ke iya riƙe bindiga, an karya gadoji, an tare hanya. Har yau Yarbawa na da karin magana a kan zafin faɗan Ore. Masu tarihi na son yin muhawara kan ko da Banjo bai yi jinkiri ba da ya shiga Legas. Ni dai ina shakka. Mutanen da yake da su ba su da yawa, makamansu kaɗan ne, kuma shiga birni daban, riƙe shi daban. Amma abin da harin ya haifar a fili yake. Kafin Agusta, akwai masu kallon yaƙin a matsayin rigimar Hausa da Ibo, Yarbawa da mutanen Yamma ta Tsakiya suna gefe suna jiran gani. Bayan Ore, Biyafara ta tashi daga mai kare gidanta ta koma mai shiga gidan maƙwabci. Matasan Yamma da na Binin da Urhobo suka yi tururuwa shiga soja. Gowon ya ajiye maganar aikin 'yan sanda, ya ce yaƙi ne gadan-gadan. Aka kafa Runduna ta Biyu cikin gaggawa, aka damƙa wa Kanar Murtala Muhammad, ya ƙwato Binin ranar 20 ga Satumba, 'yan sa'o'i bayan an yi shelar wata jamhuriya a can wadda ba ta ga faɗuwar rana ta biyu ba. Kafin ƙarshen watan Ojukwu ya sa an harbe Banjo da Emmanuel Ifeajuna da wasu mutum biyu a Inugu bisa zargin cin amana. Tun daga nan kalmar maci amana ta shiga jinin Biyafara, duk garin da ya faɗi sai an nemi wanda za a ɗora wa, kuma hakan ya ci ƙwararrun hafsoshinta kamar yadda harsashi ya ci.

Akwai abin da ba a so a faɗa, amma dole a faɗa. Da sojojin Runduna ta Biyu suka isa Asaba a farkon Oktoba, an tara maza da samari na garin, waɗanda suka fito cikin fararen kaya don nuna goyon baya ga Najeriya ɗaya, aka buɗe musu wuta. Ɗaruruwa suka mutu, mafi muni ranar 7 ga wata. Ban da zunubin da ke ciki, abin ya yi wa gwamnatin tarayya mummunar illa a fagen yaƙin kansa. Duk Ba'ibon da ke tunanin ajiye makami, labarin Asaba ya gaya masa abin da yake tsoro zai same shi. Rediyon Biyafara ba ta buƙaci ƙirƙirar komai ba. Wannan na cikin amsar tambayar da muka fara da ita: Inugu ta faɗi, amma mutanenta ba su zauna sun jira sabuwar hukuma ba, sun kwashe sun bi gwamnatinsu zuwa Umuahia, domin sun gaskata cewa zama mutuwa ne.

Sannan ga Anacha. Sojojin Biyafara da suka ja da baya sun fasa wani sashe na gadar Kwara. Hedikwatar soja a Legas ta ba Murtala shawara ya hau arewa ya tsallaka ta Idah, inda babu abokan gaba, ya gangaro ta ƙasa. Ya ƙi. Ya zaɓi ya tura mutane cikin jiragen fito da kwalekwale kai tsaye, a kogi mai faɗi, ana kallonsu daga ɗaya gaɓar. Karo na farko sun samu sun shiga gari, amma maimakon su kafa tsaro sai hankali ya tafi ga kasuwa, taimako bai iso ba, dakarun Biyafara da suka haɗa da na Joe Achuzia suka dawo suka yi musu kaca-kaca. Aka sake gwadawa, aka sake, duk a banza. Sau uku kogi yana cin mutane da makamai. Daga ƙarshe sai da aka bi ta Idah ɗin da aka ƙi tun farko, aka ratsa ta Awka, Anacha ta faɗi wajen 21 ga Maris 1968. Wata biyar ke nan da rayuka masu yawa a kan taurin kai. Kwana goma bayan haka, ranar 31 ga Maris, ayarin motoci kusan ɗari da ke kai wa rundunar kaya ya faɗa kwanton ɓauna a Abagana ƙarƙashin Manjo Jonathan Uchendu. Wuta ta kama tankar mai, ta bi motocin da ke jere a ƙuntataccen titi ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba Murtala ya bar rundunar, Ibrahim Haruna ya gaje shi. Jarumtar Murtala ba abin musu ba ce, kuma shi ne ya ceci Yamma ta Tsakiya da rundunar da aka haɗa cikin 'yan kwanaki. Amma Anacha tabo ce a tarihinsa na soja, kuma son da ake yi masa bai kamata ya hana a faɗi haka ba.

Abagana ta yi suna, ta ɗaga ran Biyafara, amma ba ta sauya taswira ba. Wanda ke sauya taswira a lokacin Adekunle ne, da rundunarsa ta uku da ya laƙaba wa sunan kwamandojin ruwa. Kalaba ta faɗi a tsakiyar Oktoba 1967, aka toshe hanyar Kamaru. Fatakwal ta faɗi a Mayu 1968, da tasharta, da filin jirginta, da matatar man da ke kusa da ita. Daga ranar Biyafara ba ta da teku. A tsakanin nan kuma, cikin Janairu 1968, ma'aikatar kuɗi ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo ta canza takardun kuɗin Najeriya, fam ɗin da Biyafara ta tara don sayen makamai a waje ya koma takarda. Idan aka ce in nuna wata guda da aka yanke hukuncin wannan yaƙi, Mayun 1968 zan nuna. Abin da ya biyo baya jinkiri ne mai tsada.

To me ya ja jinkirin har wata ashirin? Yunwa, da abin da duniya ta yi da ta gan ta. Yankin Ibo ya dogara da busasshen kifi daga Turai da nama daga Arewa da abinci daga yankunan da yanzu suka kuɓuce. Ga miliyoyin 'yan gudun hijira an cusa su a ƙasar da kullum ƙara tsukewa take. A tsakiyar 1968 hotunan yara masu kumburarren ciki da jan gashi suka cika jaridu da talabijin na Turai da Amurka, wani kamfanin yaɗa labarai a Geneva mai suna Markpress yana rarraba su. Tanzaniya ta amince da Biyafara a Afrilu, Gabon da Kwaddibuwa da Zambiya suka biyo a Mayu. A ƙarshen Yuli gwamnatin Janar de Gaulle ta fito ta nuna goyon baya, makaman Faransa suka soma shigowa ta Libreville da Abidjan. Ita kuwa Najeriya tana samun bindigogi da motoci masu sulke daga Birtaniya, jiragen MiG da Ilyushin daga Tarayyar Sobiyet, da matuƙa daga Masar. An zauna sulhu a Kampala a Mayu, a Yamai a Yuli inda Ojukwu ya zo da kansa, sannan a Addis Ababa a Agusta. Kowane zama ya watse, kuma ko hanyar da abincin agaji zai bi ba a daidaita ba: Legas na son ta ƙasa ko da rana don ta bincika kaya, Ojukwu na son ta sama da dare, domin a inuwar jiragen abinci jiragen makamai ke shigowa. Kowanne ɓangare ya san yara na mutuwa yayin da ake wannan ciniki.

Duk wannan ya rataya ne a kan Uli. Wani yanki ne na titin mota tsakanin Anacha da Owerri aka faɗaɗa ya zama filin jirgi. Da rana a rufe shi da ganye, da dare a kunna fitilu na 'yan daƙiƙoƙi jirgi ya sauka a kashe. Ƙungiyoyin coci-coci da ke tashi daga tsibirin Sao Tome kaɗai sun yi sawu fiye da 5,000. A Satumba 1968 Adekunle ya yi alkawarin cin Owerri da Aba da Umuahia a jere. Ya ci Aba ranar 4, ya ci Owerri ranar 16, mutanensa suka kai Oguta, tazarar 'yan kilomitoci daga Uli. Da sun riƙe wurin da igwa ta kai filin, da yaƙi ya ƙare a shekarar. Aka kore su. Makaman Faransa sun iso a daidai lokacin, rundunar Adekunle kuma ta miƙe fiye da ƙarfinta, ta gaji, Umuahia ta gagare ta.

A nan ne babbar cutar ɓangaren tarayya ta fito fili. Runduna uku, kwamanda uku, kowa sarki a yankinsa. Kowa na aika wakilansa Legas su yi wawar makaman da suka sauka a tashar ruwa, kowa na ɗibar kuratansa, babu mai gaya wa ɗan'uwansa ranar da zai kai hari. Sojan da bai wuce mutum 10,000 ba kafin rikici ya kumbura zuwa wajen 250,000, mafi yawa da horon 'yan makonni, hafsoshi ƙwararru kuma an kashe da yawa a 1966 ko sun koma ɗaya ɓangaren. Saboda haka Biyafara, da take tsakiya, tana iya kwashe 'yan dakarunta daga wannan baki ta kai wancan, ta tare ɗaya kafin ɗaya ya motsa. Shuwa a arewa mai taka-tsantsan ne, ba ya matsawa sai ya gyara bayansa, shi ya sa asararsa ba ta kai ta sauran ba, shi ya sa kuma ake masa gorin nawa.

Owerri ce ta fasa ƙurjin. Daga ƙarshen 1968 dakarun Biyafara suka soma zagaye Birged ta 16 da ke riƙe da garin ƙarƙashin Laftanar Kanar E. A. Etuk, har suka yanke ta gaba ɗaya. Makonni ana jefa musu abinci da harsashi ta sama, rabi na faɗawa hannun abokan gaba. Etuk ya riƙe har ya ga babu mai zuwa, sannan ya fasa ƙawanyar da dare ya fita da sauran mutanensa, ɗauke da gawar mataimakinsa Manjo Ted Hamman. Ranar 25 ga Afrilu 1969 Biyafara ta koma Owerri. Kwana uku kafin nan, ranar 22, Runduna ta Ɗaya ta ci Umuahia, a yaƙin da wani matashin hafsa mai suna Ibrahim Babangida ya samu rauni a wajen Uzuakoli. Wato a mako guda Biyafara ta rasa babban birninta na biyu, ta kuma samu babbar nasararta.

Nasarar ce ta jawo mata ajali. Kunyar Owerri ta ba Gowon hujjar yin abin da ya daɗe yana jinkirtawa. A Mayu 1969 ya sauke kwamandojin uku a lokaci ɗaya: Kanar Olusegun Obasanjo ya karɓi ta uku daga Adekunle, Iliya Bisalla ya karɓi ta ɗaya, Gibson Jalo ta biyu. Obasanjo injiniyan soja ne, kuma aikin injiniya ya fara yi: biyan albashin da aka riƙe, dawo da waɗanda suka gudu daga bakin daga, daidaita layin da ya karkace. Watanni ba a ji wani babban gari ya faɗi ba.

A waɗannan watanni Biyafara ta yi abubuwan da suka ja hankali amma ba su ƙara mata ko taki ɗaya ba. Wani Basuwide, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo ƙananan jirage biyar da aka ɗaura wa rokoki, suka lalata jiragen tarayya a ƙasa, suka taɓa wuraren mai. A Kwale kuma sojojinta suka kashe ma'aikatan mai 11, goma daga cikinsu 'yan Italiya, suka kama 18 aka yanke musu hukuncin kisa, sai da Fafaroma da wasu shugabanni suka sa baki aka sake su. Tausayin da aka tara a Turai da hotunan yara ya zube sosai a wannan mako. Ranar 5 ga Yuni jirgin MiG ya harbo jirgin agaji na Red Cross, ƙungiyar ta dakatar da jigilarta, yunwa ta sake tsananta. A Agusta Nnamdi Azikiwe, wanda a da yake yawo ƙasashe yana nema wa Biyafara goyon baya, ya sauka a Legas ya ce a koma Najeriya ɗaya.

Ƙarshen ya zo da sauri har ya ba waɗanda suka kawo shi mamaki. A makon ƙarshe na Disamba 1969 dakarun Obasanjo suka kutsa daga kudu suka haɗe da Runduna ta Ɗaya a Umuahia, abin da ya rage na Biyafara ya rabu biyu, aka yanke ta daga gonakin da ke ciyar da sojojinta ta wajen Arochukwu. Sojan da ya kwana biyu bai ci ba, ga sababbin igwa masu dogon zango daga Sobiyet suna sauka a kansa, sai ya ajiye bindiga ya shiga daji neman iyalinsa. Owerri ta sake faɗuwa ranar 9 ga Janairu 1970. Da asubar 11 ga wata Ojukwu ya hau jirgi a Uli ya nufi Kwaddibuwa, ya bar ragamar a hannun Effiong, wanda shi kansa ɗan Ibibio ne, daga cikin ƙabilun da aka yanka wa jiha a Mayun 1967. Washegari Effiong ya yi magana a rediyo ya ce a daina faɗa. Adadin waɗanda suka mutu a wata 30 ɗin nan, ƙiyasi ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, kuma mafi yawansu yunwa ce ta kashe su, ba harsashi ba.

Ranar 15 ga Janairu 1970, shekara huɗu cif da daren da aka kashe Sardauna, Effiong da tawagarsa suka shiga Barikin Dodan cikin kayan farar hula. Ya karanta takardar da ke cewa Biyafara ta daina wanzuwa, kuma sun karɓi tsarin jihohi 12. Gowon ya tashi ya rungume su ɗaya bayan ɗaya, wasunsu tsofaffin abokan aikinsa ne tun kafin a raba bariki.